Hoton keken da na tura gida

A watan Satumba ni da babban ɗana muka ɗauki hanya daga Columbus za mu Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, sai muka ratse gandun Cuyahoga Valley da ke tsakanin Akron da Cleveland. A wani ɗan gari mai suna Peninsula muka ajiye mota, muka yi hayar kekuna biyu. Na ɗauki hoto na tura zauren gidanmu na WhatsApp. Ba a yi minti biyar ba ɗan baffana ya rubuto: "Haba Yaya, duk shekarun nan a Amurka keke ka samu?" Aka bi shi da dariya. Na san wasa yake yi, amma har yau maganar na ci na a rai.

Hanyar da muka bi ta alfadarai ce a da. A 1825 aka fara haƙa magudanar ruwa da hannu don haɗa tafkin Erie da kogin Ohio, alfadarai na tafiya a gefe suna jan jiragen kaya da igiya. Jirgin ƙasa ya ƙwace musu ciniki, ambaliyar 1913 ta ƙarasa abin da ya rage. Yau an shimfiɗe turbar da niƙaƙƙen dutse, kusan mil 20 a cikin gandun, ba mota, ba babur, ba kuɗin shiga. Taya na ƙarar ƙus-ƙus a kan tsakuwa, inuwa ta rufe ka ruf, tsofaffin ƙofofin ruwa na dutse na nan an kafa musu alluna da bayani. Mun tsaya a wata fadama da aka shimfiɗa wa gadar katako, zalɓe na tsaye a ruwa ko motsi ba ya yi. Wurin nan juji ne na matattun motoci, 'yan sa-kai suka kwashe shi a 1984. Kogin da ke gefe kuwa shi ne wanda ya kama da wuta a Cleveland a 1969 saboda dattin masana'antu. Tsofaffi masu furfura ne suka yi ta wuce mu, wasu a kan kekunan da kuɗinsu zai sayi babur sabo.

Ban ce sun fi mu komai ba. A hanyar nan sai ka yi awa guda ba wanda ya tambaye ka gajiya, murmushi kawai a wuce. Kuma na san wanda ke tuƙa keke a ranar Afrilu daga Kurna zuwa Sabon Gari a Kano ba don nishaɗi yake yi ba. Amma yaushe keke ya zama abin kunya a wurinmu? Mutanen nan sun ɗauki ramin da ya daina amfani shekara ɗari da suka wuce sun mai da shi wurin da jika ke zuwa da kakansa. Mu badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu muna kallo ana yankar ta ana kafa shaguna, kududdufai ana cike su, Jakara kuwa kowa ya san halin da take ciki. Da an bar turba a gindin badala an dasa mata darbejiya, wallahi da ba wanda zai nuna mana Ohio.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne, wanda ya yi min dariyar ya san keken Baba. Rale ne baƙi, mai akwatin sarƙa, duk Juma'a sai an goge shi da tsumma da baƙin mai. A kansa Baba ya kai ni makaranta shekara shida, ina zaune a kan sandar gaba ya naɗa mata zani don kada ta ci min cinya. Da shi ya ciyar da mu goma sha ɗaya. Bayan rasuwarsa aka jingine shi a zaure har ya yi tsatsa, ban ma san wanda ya ba 'yan jari-bola ba.

A hanyar komawa Peninsula na ba ɗana labarin nan. Ya tambaye ni ko akwai hoton keken. Babu.