“Ina zuwa, Gwaggo”

Assalamu alaikum. Maganata ta yau da ku ce, ƴan uwana samari da ƴan mata na Damagaram waɗanda neman abinci ko karatu ya kai Yamai, Agadas, Difa ko Kano, ba ku ganin gida sai sallah ta zo ko an sa ranar wani. Abin da zan faɗa ba a bakin kowa na ji shi ba. A kaina ya faru, kuma har yau bai daina cin raina ba.

Bayan ƙaramar sallar bara aka aurar da ƙanwata. Kwana tara aka ba ni a wurin aiki. Wanda ya san hanyar nan ya san biyu sun riga sun tafi: kusan kilomita 900 ne tsakanin Yamai da Damagaram, mota ta tashi tun kafin assalatu, a bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, ba a sauka sai dare ya yi. Saura bakwai ke nan. Ban gama kwance jakata ba aike ya fara sauka. Inna na son a je wurin tela a Sabon Gari. Baba na son a kai goron gayyata gidajen abokansa a cikin Birni. Yayarmu na jiran a karɓo mata kuɗin da mijinta ya turo, masu jere sun ce labule bai kai ba, ga mai ba da hayar rumfa da kujeru ya daina ɗaukar waya. Duk wanda ya kira sunana sai in ce to.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni cewa a'a ko sau ɗaya. Rabi dai kunya ce ta wanda ya shekara ba ya nan, yana ganin da zirga-zirga zai biya bashin rashinsa. Ɗaya rabin kuwa, in gaskiya za a faɗa, son a sani ne: a ce wane ne ya riƙe bikin nan. Ku duba zuciyarku, da yawanku za ku tarar da irin wannan a ciki.

Ranar Laraba Gwaggo ta iso daga ƙauyensu a yankin Tanut. Yayar Baba ce, a hannunta aka yaye ni, a bayanta na yi barci wata da watanni. Ta manyanta, ƙafa ta yi nauyi, amma ta shiga motar kasuwa ta sha rana da ƙura ta zo. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna, daf da ƙofa, inda take ganin duk mai shiga da fita. Na durƙusa na gaishe ta a gurguje, waya na kunnena. Ta riƙe hannuna ta ce, “Zauna mana, ɗan nan, in gan ka da kyau.” Na ce, “Ina zuwa, Gwaggo, yanzun nan.” Na fita.

Alhamis na wuce ta gabanta ya fi sau goma, kowane wucewa da kaya a hannu. Juma'a ta aiko yaro ya kira ni, na ce a gaya mata in an sauko daga masallaci. Asabar aka ɗaura aure, ranar kuwa ko inuwata ba ta gani ba. Lahadi da asuba, ina kwance gajiya ta danne ni, ta bi motar farko ta koma. Da na tashi Inna ta miƙo mini wani ƙulli, cuku ne a ciki, wanda ta san ina so tun ina yaro. Ta ce, “Gwaggonka ta ce a gaishe ka. Ta ce ta ga aiki ya yi maka yawa, Allah ya yi maka albarka.” Ko kalma ɗaya ta ƙorafi ba ta bari ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Labulen da na ɓata wuni guda ina nema, yau ko launinsa ban tuna ba.

To ƴan uwa, baƙin nan da ke cika mana gida lokacin biki, su ne bikin. Rumfa da kujeru don su aka kafa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa. Shi ne kuma ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da tunkiya ɗaya ce. Ku lura da inda aka sassauta da inda aka ƙarfafa. Mu kuwa mun juya abin: mun tsananta wa kanmu a kan kayan walima, mun yi sakaci da mutanen da za su ci ta. Tsohuwar da ta baro Tanut ko Gure ko Magarya ba shinkafa ta kawo ta ba, akwai abinci a gidanta. Ta zo ne ta ga jininta, ta ji muryarsu, ta tambaye ka aikinka da maganar naka auren. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mun haddace karin maganar, aiki da ita ne ya gagare mu.

Ban ce a zubar da aike a zauna hira ba. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma babu ɗan kirkin da zai bar mahaifiyarsa ta ji kunya a gaban surukai. Abin da na gano shi ne, mafi yawan abin da ya cinye mini kwanakin nan bakwai ba aikin makon biki ba ne. Aikin wata guda kafin biki ne, aka bar shi har sai na zo, ni ma na bar shi har sai na iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗauki ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, kuma kowa ya san halin famfo da bazara: wata unguwar sai tsakar dare yake zuwa, wata ya yi kwanaki bai ɗiga ba. Gidan da mutum goma ke kwana ya wayi gari da mutum arba'in. Kowa zai yi alwala, kowa zai watsa ruwa saboda zafi, ga girki a manyan tukwane, ga wanke-wanke da ba ya ƙarewa, ga ƴan jarirai da wankinsu. Safiyar Juma'a sukutum na kashe ta a kan babur ina bin ƴan ga-ruwa daga wannan famfo zuwa wancan, kowanne ya ce an riga ni. Alhali da tun ina Yamai na sa ƙanena ya yi magana da ɗan ga-ruwan unguwarmu, aka ba shi wani abu na kafin alƙalami, aka aro randuna da bido wurin maƙwabta aka fara tarawa tun Litinin, da wannan safiyar a gaban Gwaggo na yi ta. Duk wanda zai yi biki a garin nan tsakanin Maris da Mayu, ya fara da lissafin ruwa kafin na goro.

Haka ɗinki. Bayan sallah teloli ba su gama sauke na sallar ba ankon bukukuwa ya hau kansu, in kuma aka ɗauke wuta mai aikin wuyan riga ya tsaya cik. Kai yadi saura kwana huɗu sannan ka je ka zauna a shagon kana huci, zalunci ne ga telan da kai kanka. Alkakin gara ma haka, matan da suka iya shi a Damagaram ba a kwana ɗaya suke yin sa ba, kuma ba ke kaɗai kika ba su aiki ba. Masu cewa “bari in leƙa Kantin Kwari in dawo” a makon biki kuwa, su tuna Kano ta haura kilomita 200 daga nan, ga iyaka a tsakani. Kwana biyu ne za su fita daga cikin ƴan kwanakinka. Duk waɗannan waya tana gama su tun kana can, in dai akwai wanda ka damƙa wa a gida.

Nan ne kuma girman kanmu yake. Muna da ƙanne da ƴaƴan maƙwabta zaune a fada suna dafa shayi, ba don ba sa son aiki ba, don ba wanda ya kira su da suna ya ce wannan naka ne. Mukan ce ba za su iya ba. Yaushe aka gwada su? Ranar Asabar da abin ya fi ƙarfina na damƙa wa wani ɗan kawuna maganar kujeru gaba ɗaya, daga ɗaukowa har mayarwa. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai, ya ƙirga su da zuwa, ya ƙirga da komawa, ko ɗaya ba ta ɓata ba, kuma har yau in mun yi waya sai ya ambaci ranar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka zauna daren da ka iso, kai da Inna da uwar biki da yaran gida, a faɗi duk abin da ya rage, kowane aiki a ɗora shi a kan mutum ɗaya sananne. Cefane kuma a tara shi a yi tafiya ɗaya. Alhamis ce babbar ranar Kasuwar Dole, mutanen karkara sun shigo da kaya, ga kuma cunkoso. Ka tafi sau ɗaya da takarda a hannu da wata inna wadda ta san farashi. Ni sau huɗu na shiga kasuwar nan a wuni guda, na ƙarshen don albasa kawai.

Sai kuɗi, kuma a nan ku saurare ni da kyau. Inna ta ba ka jaka ashirin na mai da magi, yaya ta ba ka jaka goma na takalmi, wata gwaggo ta damƙa maka gudummuwarta ta ce ka kai wa uwar amarya, duk ka zuba a aljihu ɗaya da kuɗin motarka. Kafin la'asar ba ka san na wa ka kashe ba. Amana ce wannan. Zumunci da yawa ya yi tsami bayan biki a kan canjin da ba a dawo da shi ba, ba don an ci ba, don an manta. Sayi ɗan littafi, ko ka rubuta a wayarka nan take: wa ya bayar, nawa, na mene ne. Gudummuwar mata musamman a rubuta ta da suna, don ranar bikin mai bayarwa za a duba a rama.

Abin da na fi jin nauyin faɗa shi ne harshe. Daren Alhamis ɗin nan, na dawo a gajiye, ban ci komai ba tun safe, Inna ta ce an manta da gawayi. Na ɗaga mata murya a gaban baƙi. Ba zagi na yi ba, cewa kawai na yi ni kaɗai ne a gidan nan? Ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 23, kada ka ce wa iyaye ko “tir”, kada ka tsawace su, kuma bai ware ranar biki ba. Na nemi gafararta washegari ta yafe, amma matan da ke ɗakin sun ji, Gwaggo ma ta ji. Yunwa da rashin barci da zafin rana su ne ke kwance wa mutum linzamin baki. Ka ci abinci, ka sha fura, ka kwanta ko awa ɗaya da azahar. In aka kira salla ka ajiye ko mene ne. Na ga samari sun haɗa azahar da la'asar da magariba a kan neman mai hoto, a ranar da ake roƙon Allah ya sa albarka a aure.

Masu babur, don Allah. Gaggawar aike da rakiyar amarya ba su kai ran mutum ba. Ka ɗauki ƙanwarka da kwanon abinci a baya kana gudu a cikin lungunan Zango inda yara ke wasa, me za ka ce wa uwar yaron in tsautsayi ya faɗa? Gara a ce abinci ya makara.

Ku kuma ƴan mata ƙawayen amarya, na san naku aiken ya ninka namu: lalle, kitso, kamu, jere, raba anko, karɓar baƙi mata. Amma ku duba ita amaryar. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa a makon nan kowa yana hidimarta, ba wanda ya zauna da ita. Yarinya za ta bar ɗakin uwarta, tana cikin fargaba, ana ta shiga da fita a kanta ana gwada mata kaya. Ni yayanta, da ya kamata in zauna in yi mata nasiha in kwantar mata da hankali, a bakin mota na yi mata sallama.

In za ku nemi hutu, ku bar kwana ɗaya bayan kai amarya wanda ba ku sa komai a cikinsa ba. Ranar ce ake mayar da tukwanen aro, a bi maƙwabta a yi musu ban gajiya, a raka baƙi tasha a biya wa tsofaffi kuɗin mota. Ranar ce kuma gida ke yin shiru, Inna ta ga ɗakin ɗiyarta wayam, tana bukatar wanda zai zauna kusa da ita.

Wata mai zuwa za a ɗaura auren ɗan kawuna, in Allah ya kai mu. Na riga na yi magana da ɗan ga-ruwa, yadi yana wurin tela tun makon jiya, cefanen Alhamis kuma na bar wa ƙanena da innarmu. Na ƙara kwana biyu a kan hutun da na nema. In na sauka Damagaram na kwana, washegari Tanut zan wuce, ni zan ɗauko Gwaggo da kaina.