In naɗi za ku yi, ku daina kiran sa zaɓen ƙananan hukumomi

Don girman Allah gwamnoni, in naɗi kuke so ku yi, ku yi abinku a fili. Ku daina hana mu fita kasuwa ranar Asabar, ku daina tare hanyoyi da ɓarnar kuɗin jama'a wajen buga ƙuri'u, alhali sunayen ciyamomi da kansiloli suna aljihunku tun kafin a sa ranar zaɓen. Wannan rainin hankali ya ishe mu haka.

A dubi Kano. A Fabrairun 2018, zamanin Ganduje, APC ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, ko ɗaya ba ta kuɓuce mata ba. A Janairun 2021 ta sake kwashe ƙananan hukumomin duka. Mulki ya koma hannun NNPP a 2023, sai ga shi a Oktoban 2024 ita ma ta share 44 da 484 ɗin nan cif. Jihar da Abba na NNPP ya ci zaɓen gwamnanta a 2023 da ƙuri'a miliyan ɗaya da 'yan kai, Gawuna na APC yana biye da shi da 890,000 da 'yan kai, a ce a cikinta babu mazaɓa ko guda da wani zai ci in ba ɗan jam'iyyar gwamna ba? Kar kuma wani ya ɗauka ciwon Kano ne kaɗai. A shekarar ta 2024 PDP ta kwashe 20 na Bauchi, APC ta kwashe 23 na Sakkwato da 27 na Jigawa. Tutar jam'iyya ce kawai ke canzawa.

Na san abin da 'yan koren gwamnati za su ce: ai 'yan adawa ne ke ƙaurace wa zaɓen. To me zai sa su shiga? Tsarin mulkin 1999 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta mai zaman kanta, wai. Gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar dokokin jiha ta ce amin, daga gidan gwamnati kuma kuɗin aikinta ke fitowa. An ba kura ajiyar nama, sannan a ce mu zo mu ƙirga tsoka. Ga kuma kuɗin fom. A 2024 hukumar zaɓen Kano ta fara yanka wa ɗan takarar ciyaman naira miliyan 10, kansila miliyan 5, sai da aka kai ta kotu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000, kansila kenan sai ya tara albashin kusan shekara shida bai ci ba bai sha ba. Wane malamin firamare ne zai iya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun kati. Talaka ya bar sana'arsa ya yi rajista, aka ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa, ya sake komawa ya karɓo katin dindindin. Aka ce mana da katin nan da na'urar BVAS an gama da ƙuri'ar matattu da ta aringizo. To, a zaɓen shugaban ƙasa sai na'ura ta shaida yatsanka ko fuskarka kafin a miƙa maka ƙuri'a. Amma zaɓen kansilan da ke zaune a layinku, wanda ya kamata ka tare shi a masallaci ka tambaye shi maganar kwatar da ta toshe, a yawancin jihohi babu na'urar, tantancewar ma sai wadda malamin zaɓe ya ga dama. Waɗanda suka ga bidiyon yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a, wanda ya karaɗe intanet bayan zaɓen Kano na 2018, ba su manta ba. INEC ta tura kwamiti, ya dawo ya ce an ba hukumar jiha kundin masu zaɓe, amma a mafi yawan rumfuna ba a yi aiki da shi ba. Kundin da aka kashe kuɗi aka wahalar da mu wajen haɗa shi!

Kuma ba wai gyaran ya gagara ba ne. A Kaduna, zamanin El-Rufa'i, an yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018 da 2021. Ban ce babu ƙura ba, amma PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, a 2021 ma har akwatin gwamnan na Unguwar Sarki ta kawo. Aka zo 2024 aka jingine na'urar aka koma takarda, APC ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255. A Abuja kuwa, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 uku suka tafi APC, uku PDP. Ni ba ɗan amshin Shatan INEC ba ne, mun ga yadda shafinta na ɗora sakamako ya ƙi aiki a zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Amma uku da uku aƙalla ya yi kama da zaɓe.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Muka yi murna. Sai gwamnoni suka bi ta bayan gida: jiha bayan jiha aka shirya zaɓe a gurguje, yaran gida suka dawo da sunan zaɓaɓɓu. Ciyaman ɗin da ya san ba ƙuri'arka ta kai shi ba, ina ruwansa da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku da babu ko auduga? Ina ruwansa da ajin firamaren da iska ta yaye wa kwano, ko famfon burtsatsen da ya mutu mata na tafiya mai nisa neman ruwa? Wanda ya ɗora shi yake yi wa aiki. Ka je sakatariya nemansa a ce maka yana birni wajen mai girma.

Ministan Shari'a Lateef Fagbemi da bakinsa ya nemi a soke hukumomin zaɓen jihohi a miƙa aikin ga INEC. Sai dai hakan ba zai yiwu ba sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, majalisun da gwamnonin nan ke riƙe da akalarsu. Don haka duk ɗan majalisar jihar da ya shigo unguwarmu da buhun shinkafa yana neman tazarce, ni dai tambayata ɗaya ce, kuma a gaban jama'a zan yi masa ita: in maganar nan ta zo zaurenku, hannu za ka ɗaga ko sai ka jira waya daga gidan gwamnati?