Daga tudun Greenwich na tuna da Lokoja

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo da sassafe ya san agogon GMT, domin kafin a fara labarun duniya sai an faɗi lokacinsa, sannan a faɗi na Najeriya da Nijar, wanda yake gaba da shi da awa guda. Na girma ina jin wannan a rediyon mahaifina, amma ban taɓa tambayar inda agogon yake ba, sai da zama ya kawo ni Landan, wata Asabar na hau jirgin ruwa daga Westminster na bi Kogin Thames zuwa unguwar Greenwich.

Abin da ya fara tarbata a bakin ruwa shi ne Cutty Sark, jirgin da aka ƙera a 1869 domin jigilar ganyen shayi daga ƙasar Sin, daga baya kuma ya koma ɗauko gashin tumaki daga Ostareliya. Gobara ta cinye wani sashensa a 2007, amma maimakon a ce ƙaddara ce a kwashe tarkacen, sai aka gyara shi aka sake buɗe shi a 2012, aka kuma ɗaga shi sama yadda mutum zai ratsa ta ƙarƙashinsa. Na tsaya a wurin na ɗaga kai ina kallon cikinsa mai ƙyalli kamar sabuwar tasa, 'yan makaranta kuwa suna ta miƙa hannu su taɓa. A kan tudu akwai gidan nazarin taurari da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1675, inda layin da aka amince a 1884 a riƙa auna duniya daga kansa ya ratsa tsakar gida, kuma layin nan ne ya gangaro ta Gao a Mali har ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Da ƙarfe ɗaya na rana wata jar ƙwallo da ke saman ginin ta sauko, kamar yadda take yi tun 1833 domin matuƙan jiragen da ke kogin su daidaita agogunansu. Yau babu matuƙin da ke buƙatarta, amma ba a daina sauke ta ba.

A nan ne Lokoja ta faɗo mini a rai, kuma ba don kogi kaɗai ba. Jiragen Turawan Ingila ne suka hauro mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lokoja take. A 1854 wani Baturen likita mai suna Baikie ya shigo da jirginsa mai suna Pleiad, ma'aikatansa suna shan kwinin don kare kansu daga zazzaɓi, abin da ya nuna wa Turawa cewa za su iya shiga cikin ƙasar su fito da rai. A Lokoja ne kuma, ranar 1 ga Janairun 1900, Lugga, Baturen da ya fara shugabantar mulkin mallaka a Arewa, ya sa aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, wato a nan aka ɗaura aniyar mulkin Arewa. Bayan an ci Kano a 1903, can aka kai Sarki Alu, ya zauna nesa da jama'arsa har ya rasu a 1926, kuma ba shi kaɗai ne sarkin da aka tsige aka kai garin ba.

Sau nawa na bi ta Lokoja a motar dare zuwa Legas? Iyakata da ita a tsaya a yi salla, a sayi soyayyen kifi, direba ya danna oda a koma mota. Babu wanda ya taɓa nuna mini Dutsen Patti ya ce ga inda Lugga ya riƙa hawa yana hangen kogunan biyu, ni ma ban tambaya ba, don haka ba na cire kaina daga laifin.

Za a ce Ingila tana da kuɗi, kuma gaskiya ne. Sai dai a ganina abin da ya fi rashin kuɗi shi ne mun ɗauki tarihin Lokoja na Turawa ne, alhali kaburburan sarakunanmu suna can. A gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, wanda ake shiga kyauta, na ga rigar da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya sa a yaƙin 1805, ga hujin harsashi a kafaɗa, jama'a sun yi cirko-cirko a gabanta. Akwai ɗakin da ya taɓo cinikin bayi, amma muryar da ke ba da labarin gidan gaba ɗaya ta masu jirgi ce, ba ta waɗanda jirgin ya tarar a gaɓa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa na jira su faɗi namu ba.

Ba ina cewa a mayar da maƙabarta wurin yawon buɗe ido ba ne, domin kabari yana da alfarmarsa. Abin da nake so ƙarami ne: ɗalibin sakandare na Kano ko Zariya ya kasance an kai shi Lokoja ko da sau ɗaya kafin ya gama makaranta, a sa shi a kwalekwale zuwa inda ruwan kogunan biyu ya haɗu, sannan a nuna masa unguwar da Alu ya ƙarasa kwanakinsa.