"Baba, Ai Ruwa Zai Tafi Da Ita"

Assalamu alaikum ƙannena samari da ƴan mata na birnin Dabo, da ku sa'annina iyayen yara.

Shekaranjiya bayan La'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kafin in kai bakin titi ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na raɓa rumfar wani mai shago a wani lungu da ke gangarawa Jakara, mu kusan shida muna fakewa. Kwata ta fara ɗaukar ruwa ke nan sai ga wani saurayi ya fito daga gida, ba zai haura shekara 22 ba, tsaf da shi, waya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan buhu. Ya zo bakin kwata ya kwance bakin buhun ya zazzage: ledoji, robobin lemo, ɓawon rake, ƙunzugun jarirai, ragowar tuwo, har da tsohon takalmi. Ya koma ciki ya fito da buhu na biyu. Na kasa daurewa na ce masa, "Haba samari, me ya yi zafi haka?" Bai ɓata rai ba. Ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ai ruwa zai tafi da ita."

Ladabin nan nasa shi ya hana ni barci. Da zagina ya yi, da na ce ɗan gidan da ba a kwaɓa ne, in tofar da yawu in wuce. Amma yaron kirki ne, kuma har ga Allah bai san ya yi wani laifi ba. Haka ya tashi ya ga ana yi. Wataƙila ma mahaifiyarsa ce ta ce masa, "Yi maza ka fitar da sharar nan kafin ruwa ya ɗauke." Mun kai matsayin da saukar ruwan sama, rahamar da ake fita sallar roƙo dominta, ta zama ƙararrawar zubar da shara a gidajenmu.

To, ruwa zai tafi da ita ina? Ku tsaya mu bi buhun nan a hankali. Leda ba ta ruɓewa, roba ba ta narkewa. Suna tafiya har su iso bakin kwalbati na farko, inda hanya ta ƙuntace. Leda ɗaya ta maƙale a jikin ƙarfe ko wani itace, ta biyu ta kama ta farko, roba ta zo ta tokare, sai yashi da laka su taru a bayansu su danne. Kwatar da aka haƙa ta kai ƙugun mutum sai ta koma iya idon sawu. Shi kuwa ruwa ba ya jiran kowa, ba ya komawa sama. In ya rasa hanyarsa sai ya nemi inda ya fi gangare, kuma inda ya fi gangare ɗakin wani bawan Allah ne.

Na ga ɗakin da idona. Washegari da safe na sake bi ta lungun, can ƙasa kaɗan da inda na fake, na tarar da wata dattijuwa da jikokinta suna kwarfe baƙin ruwa daga ɗaki da kwanon sha da bokiti. An shanya tabarmi da katifa a kan katanga, buhun garin masara ya zama kunu, littattafan makarantar yaran sun manne da juna. Na gaishe ta, "Sannu Iya, ya muka ji da wannan abu?" Ta ce, "Alhamdu lillahi ɗan nan, tunda gini bai faɗo mana ba." Gindin katangarta ta ƙasa ya jiƙe sharkaf har kusan gwiwa. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ma'anar wannan: ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa, ya sha ruwa yau, ya sha gobe, ranar da zai zube kuma yawanci da tsakar dare ne, mutane na barci. A bakin kwalbatin da ya toshe kusa da ƙofarta na hango takalmin nan. Wallahi na gane shi.

Sharar da ta tsallake kwalbati ma ba ɓacewa take yi ba. Kwatocin cikin birni da yawa Jakara suke zubawa, rafin da ya ratsa ta gefen kasuwar Kurmi, wanda aka rufe wani ɓangarensa da kankare aka ɗora titin da muke kira Wuju-Wuju. Daga nan ya fita ta wajen Fagge, ya yi arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan Bompai, har ya dangana da dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. A bakin rafin nan ake noman rani, latas da kabeji da alayyafo da karas, su dawo kasuwa mu saya mu kai gida. Abin da ka zuba a kwata da La'asar yana iya dawo maka a faranti. Kafin nan ma, ruwan da ya tumbatsa ya shiga gida sai ya bi ta masai, ya fito da abin da ke ciki, ya gangara rijiya. Bayan kwana kaɗan a ce amai da gudawa ya ɓulla a unguwa. Wanda ya kwanta a lungu kuma ya zama gidan sauro, zazzaɓi ya bi yara ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin maganin da za ka kashe ya ninka kuɗin mai kurar da ka ƙi biya ya kai maka shara bola.

Na san abin da za ku ce, domin a rumfar nan ma an faɗa mini: gwamnati ba ta kawo motar shara, bolar unguwa an sayar da filinta, ina ake so mu kai? Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gwamnati ce ta kwance bakin buhun nan? Gwamnati ce take shan fiya wata a cikin adaidaita sahu ta cilla ledar ta taga? Gwamnati ce take share gaban shago kowace safiya, ta tattara sharar da tsintsiya a hankali, ta tura ta cikin kwatar da ke ƙofar shagon, sannan ta shimfiɗa dadduma ta yi Walaha? Ga kuma masu wayo, waɗanda ba sa zubawa da hannunsu. Sai a kira almajiri a ba shi naira 100 a ce ya kai bola, alhali an san bolar ta yi nisa, an san yaron a kwanar farko zai juye ta a lambatu. Ka saya wa kanka wankin hannu da naira 100, ka ɗora wa yaron da ya zo neman karatu alhakin ƙazantarka. Allah ba a yi masa wayo.

Mun manta Agustan 2022 ne? Ruwa ya shiga Kantin Kwari, kasuwar da ake taƙama da ita a duk Afirka ta Yamma, ya jiƙa atamfa da shadda da leshi na miliyoyin naira, mutane suka wayi gari jarinsu yana ɗigar ruwa. Abin da kowa ya faɗa a lokacin shi ne an toshe magudanan ruwa, an yi gini a kan hanyarsa. A shekarar ce kuma ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Jigawa, wajen Ringim da Haɗeja. A Satumbar 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, Maiduguri ta nutse, muka zauna muna kallo a waya muna salati. Mu nan ma mun taɓa ɗanɗanawa: a Agustan 1988, ina yaro, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, a cikin birni kuma gidajen ƙasa suka yi ta zubewa saboda marka. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun fetur muke shafa masa, buhu bayan buhu.

Tunda na ambaci waya, bari in faɗi wata da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da ruwa ya cika lungun nan shekaranjiya, samari sun fito, ƙarti majiya ƙarfi. Na ɗauka shebur za su ɗauko. Sai na ga kowa ya zaro waya yana ɗaukar bidiyo, wani na dariya, wani na yi wa mabiyansa na TikTok bayani, "Jama'a ku ga yadda unguwarmu ta koma." Mutum goma da sanda biyu da shebur ɗaya sun isa su buɗe bakin kwalbatin nan cikin rabin awa. Amma a majalisa za ku kwana kuna musu a kan ƙwallon Ingila da Sifen, kuna zagin juna a kan ƴan siyasar da ba su san sunanku ba, kwatar da ke ƙarƙashin bencin da kuke zaune tana wari, ba wanda ya ga abin yi. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da aka hana zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, ita kuka mayar ranar buga ƙwallo a tsakiyar titi, wasu kuma ranar ramuwar barci.

Kada ku ce na ɗora muku duka. Mu manya mun fi ku laifi a wani wajen. Kano gari ne na kududdufai. Ƙasar da kakanninmu suka gina gidaje da ganuwa daga nan aka haƙo ta, ramukan suka zama matattarar ruwan damina, suna shanye abin da lunguna suka zubo. Ɗaya bayan ɗaya muka cike su da bola, muka yanka filaye, muka dasa shaguna da benaye. Wanda ya san titin BUK shekara 20 da suka wuce ya san ruwan da ke kwance a gindin ganuwa. Tsakar gida kuma mun shafe da siminti, ƙofar gida mun shimfiɗa intalok, ɗigo ɗaya ba ya samun ƙasar da zai nutse. Wani ya ja katangarsa ta hau kan kwata don ya ƙara taku biyu a zaurensa. Mun kori ruwa daga gidansa, hanya ɗaya tak muka bar masa, kwata, ita ma ga ku kuna cusa mata buhu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kuma idan ɓarna ta auku sai mu ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma reshe ne na imani. Ya yi rantsuwa cewa wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba bai yi imani ba. Duk mun haddace waɗannan a Islamiyya. To wanda ya ɗauko abin cutarwa ya zuba a hanyar ruwa, ya tura shi ɗakin tsohuwar da ba ta da mai gyara mata katanga, me sunan aikinsa? Ka fita sahun gaba da farar riga, sharar gidanka tana yawo a kan gadon marayu. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwan farko, ana faɗa a rediyo, kowa ya san Yuli da Agusta ne watannin marka. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai ji bari ba kuwa zai ji hoho.

Abin da nake roƙonku ba mai yawa ba ne. Ku ji tsoron Allah a kan kwata. Ku riƙe shararku har ku sami inda ya dace. Ku haɗa kai a unguwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka ga ƙaninka zai zuba, ka riƙe hannunsa, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ƴan mata, gobe ku ne iyayen gida, daga bakinku umarnin "fitar da sharar nan" yake fitowa.

Da muna yara, hadarin farko bai isa ya haɗo ba sai mai unguwa ya sa an yi shela. Ranar aikin gayya kowane gida zai fito da namiji, wannan da shebur, wannan da diga, wannan da kwando ko baro. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na samari su ne a gaba, suna gasa da na maƙwabtan unguwa a kan wa zai fi yashe tasa kwatar. Mata su damo kunu da fura su aiko, dattawa su zauna a dakali suna sa albarka, suna nuna inda ruwa ya saba bi tun zamanin iyayensu. Saurayin da ya noƙe a ɗaki ranar, sai ya yi mako yana jin kunyar wucewa ta majalisa. Sharar ma ba ta da yawa, don tuwo a kwano ake saye, goro a ganye, cefane a kwando, toka da juji kuma manoma na zuwa da jakuna su kwashe su kai gona. Kuma kowane babba ubanka ne. In wani dattijo ya gan ka kana zuba ko ɓawon gyaɗa a kwata, zai ja kunnenka a nan take, ka je gida ka yi shiru, don in ka faɗa za a ƙara maka. Yau ka yi wa ɗan wani magana, kafin Magariba uwarsa ta aiko a tambaye ka ko kai ke ciyar da shi. Shi ya sa mu shida muka tsaya a rumfar nan, biyar suka kawar da kai.

Yau da hantsi na sake bi ta lungun. Katifar Iya tana nan a kan katanga, ba ta gama bushewa ba, an tokare katangar da wani guntun azara. Kwalbatin yana nan a toshe yadda na bar shi, takalmin ma yana nan, an ƙara masa sabbin ledoji. Dattawan da suka san inda ruwa yake bi, na ƙirga a raina, saura biyu a unguwar, ɗaya ma ba ya fitowa. Ina rubuta wannan iska ta fara kaɗa labulen taga, gabas ta sake yin baƙi.