Shata ko Narambaɗa? Jerin nawa, da abin da tsoho ya tambaye mu

Daren jiya a fadarmu ta hira a unguwar Zariya, nan Maradi a Nijar, shayi na biyu har ya ƙone a kan gawayi saboda gardama. Wani ƙanenmu ne ya jawo ta. Wai ya ga an jera manyan mawaƙan Hausa goma a Facebook, Shata ne na ɗaya, kuma duk wanda bai yarda ba hassada ke cinsa. To ni ban yarda ba, kuma ban ga abin da zai sa in yi hassadar bawan Allah da ya rasu tun 1999 ba. Jiya hayaniya ta hana a saurare ni, shi ya sa na kawo maganar nan.

In yawan waƙa ake nufi da faɗin fage, ba a haɗa Mamman Shata da kowa. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa attajiri da soja da manomi, wanda ya ɓata masa rai kuma ya sha zambo. Mutum ne da zai tsaya a fili, kalangu na tashi, ya ƙaga waƙa nan take 'yan amshi su cafe. Ba banza Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. Amma a saurara da kyau. Da yawa cikin waƙoƙinsa gaisuwa ce da lissafin mutane, wane ɗan wane, wane na gode. Muryarsa da amshin ke riƙe da su. Ka kwafe baitocin a takarda ka ba wanda bai taɓa jin kiɗan ba, za ka ga rabin ƙarfin ya zube.

Ibrahim Narambaɗa kuwa ko a takarda tsaye yake. Makaɗin fada ne, na Sarkin Gobir na Isa, Amadu, da kotsonsa da 'yan amshinsa, kuma abin da ya iso mu na waƙoƙinsa bai kai cikin cokali ba in aka gwada da na Shata. Sautin ma duk ƙura. Duk da haka har gobe za ka ji dattijo ya jefa baitinsa a tsakiyar magana kamar karin magana, wani ma bai san nasa ba ne. Na tashi ina ganin kakana a Tibiri da 'yar rakodarsa mai batir huɗu. In aka zo wani baiti sai ya danna ya tsayar, ya cire kaset ɗin, ya zura biro ya mayar da zaren baya da hannu don kada batir ya ƙare, ya sake sawa. Sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka ji abin da ya ce kuwa?" Ban ji ba a lokacin. Sai da na haura talatin wasu baitocin suka buɗe mini. Waƙar da ke jiran mutum ya girma kafin ya gane ta, ita nake sa wa a gaba. Za a ce jinin Gobir ne ya ja ni. A ce.

Na uku a wurina Musa Ɗanƙwairo, saboda yadda muryoyin ƙungiyarsa ke shiga juna kamar saƙa. Ban san wanda ya kai shi tsara amshi ba. Sai Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa, ba mai karɓa masa, yana yi wa karen mota da ma'aurata magana. Barmani Coge kuwa ko sunanta ba ya fitowa a irin wannan jeri, don maza ke rubuta shi. Ku tambayi iyayenmu mata wa ya riƙe musu biki da kiɗan ƙwarya.

Jiya a fada ina cikin irin wannan lissafi ne, ina jin kaina malami, sai tsohon da ke gadin shagon da ke kusa da mu ya matso da kujerarsa. Ya ce, "'Ya'yana, tun ɗazu ina jinku, duk kun ƙetare iyakar Ɗan Isa zuwa Najeriya kun bar mu. Nan ƙasar ba a yi mawaƙa ba ne?"

Wallahi fadar ta yi tsit.

Sa'adu Bori ɗan garin nan ne. Shi ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora shi a kan jita da gangunan zamani, aka yi rawarsa daga Yamai har Kano. A 1994 faifansu shi da Musa Pusi ya fita a Turai. Hatsarin mota ya ɗauke shi a 2008, kuma mu goma sha a zaune ba wanda ya ambace shi. Ga Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Ga Ɗan Gurmu na Tawa, wanda yaranmu suka san sunansa a jikin gasar mawaƙa kawai, ba su san muryarsa ba. Ga Sagalo, wanda in ya buɗe baki a filin kokawa ƙato ke tsuma. Mu da filin kokawarmu ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya fara cin takobin gasar kokawa ta ƙasa a 1975, ai bai kamata a tuna mana da mawaƙan kokawa ba.

Na kwana ina juya abin. Ba wai namu sun gaza ba ne. Waɗancan sun samu Rediyon Kaduna da ake kamawa har ƙauyukanmu, sun samu kamfanonin faifai, kaset ɗinsu ya riƙa shigowa ta Jibiya kwali-kwali, sannan jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suka zauna suka rubuta baitocinsu, ɗalibai suka yi digiri a kansu. Namu kuwa yawanci sai abin da gidan rediyon ƙasa ya naɗa a Yamai, sai wanda wani mai sha'awa ya ɗauka a wurin biki. Ashe jerin da muke ta faɗa a kansa jerin waɗanda aka adana ne. Ko Narambaɗan da nake taƙama da shi, da ba a naɗi 'yan waƙoƙin nan ba, da yau sai dai labari.

Da safen nan na biya babbar kasuwa wurin masu tura waƙa a waya, don in gwada. Na ce Shata, yaron ya buɗe mini jaka guda, yana ta ja ba ta ƙare ba. Na ce Sa'adu Bori, ya samo 'yan ƙalilan. Na ce Ɗan Alalo, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, sabon mawaƙi ne?"

Jerina bai canza ba: Narambaɗa, Shata, Ɗanƙwairo. Sai dai yanzu ina faɗinsa da ɗan sanyin jiki, don ban saurari namu yadda zan iya auna su ba. Kwalin kaset ɗin kakana na nan a Tibiri, a ɗakin gwaggona, in gara ba ta riga ni ba. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je in ɗauko. Wanda ke da rakoda mai aiki a Maradi ya yi mini magana.