Jarumtakar Babban Yatsa

Shirin Fear Factor, wanda tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa a 2001 Joe Rogan yana gabatarwa, tsarinsa ba shi da wuyar fahimta: a tara mutum shida, a sa su tsallaka tsakanin dogayen gine-gine, ko su kwanta cikin akwatin macizai, ko su tauna ƙwari da ransu, wanda ya kai ƙarshe ya tafi da dala 50,000. Ɓangaren ƙwarin ne ya fi ba ni dariya, domin ni da kuɗina nake sayen soyayyar fara a barbaɗa mini yaji, ga wasu kuma suna hawaye ana lallashinsu da dukiya. Na sha faɗa wa uwargida cewa da za a gayyace ni, da sai na nemi ƙari.

Saboda haka da na ga wata tsohuwar Game Boy Advance, wato ƙaramar na'urar wasan bidiyo ta riƙewa a hannu, a wajen mai kayan gwanjo, maƙale da kaset ɗin Fear Factor: Unleashed na 2004, ban tsaya dogon ciniki ba. Wasan jerin ƙananan gasa ne, kuma duk jarumtar da ake nema ta taƙaita ga babban yatsa: ka danna maɓallin A ko B a kan lokaci, ɗan mutumin da ke allo ya sha wahala a madadinka. Wannan tsari ya dace da ni ƙwarai.

Sai dai na'urar ƙirar farko ce ta 2001, mai cin batir biyu, wadda allonta ba shi da haske nasa, don haka da aka ɗauke wuta da daddare sai na kishingiɗa a falo, na danne tocila tsakanin haɓa da kafaɗa, na ci gaba da nuna bajinta. Ina cikin yi wa ɗan wasana faɗa kan ragwanta, sai na ji wani abu mai ƙafafu da yawa ya sauka a wuyana, ya gangara cikin singileti ba tare da sallama ba. Kyankyaso ne, irin mai tashi, wanda ba ya la'akari da shekarun mutum ko matsayinsa a gida.

Ihun da na yi ya ta da yara, ya kuma fito da maƙwabcina riƙe da gora yana tambayar ta ina ɓarayin suka shigo. Uwargida ta same ni tsaye a kan kujera, singileti a hannu, ina juyi kamar mai rawar koroso. Ta haska ni daga sama har ƙasa, sannan ta ce cikin ladabi, "Maigida, in kawo yajin ne?"

Na bayyana wa jama'a cewa ba tsoro ba ne, mamaya ce, kuma ko a Amurka ana sanar da ɗan takara kafin a zuba masa ƙwari. Babu wanda ya yi gardama, amma maƙwabcin nawa sai da ya dafa bango saboda dariya.

Na'urar ta tsira, murfinta kawai ya ɓalle. Batir ɗaya ya gangara ƙarƙashin kabad, daidai inda kyankyason ya shige, kuma na sanar da yara cewa a yanzu ba a samun irin wannan batir a kasuwa.