Minti biyu da filaya

To, na ga bidiyon, ku daina turo min. Na kalla har sau uku, kuma kowane kallo raina ƙara ɓaci yake. Mutum ya sayi ɗan kifin bogi, irin wanda ake ɗaura wa zare a ja a ruwa don a yaudari babban kifi, ya jefa sau biyar, abin yana dawowa a karkace kamar wanda ya sha ya bugu, shi kuma gogan sai ya tsinke zaren ya wurga shi tsakiyar tafki, wai jabu ne. Ƙugiyoyi masu baki uku har guda biyu ya bar wa tsuntsaye da masu iyo. Sannu da ƙoƙari.

Masu ba shi shawara ma sun fi shi ban haushi. Wannan ya ce ai da mai ruwan zinariya ya saya, wancan ya ce a'a, mai jan ciki ne ke ci a wannan wata. Kusan mutum hamsin, babu wanda ya ce masa, malam, duba zoben da ke hancin abin nan. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Lafiyar kifin bogin nan ƙalau. Zoben ƙarfen da ake ɗaura zare a kai ne ya ɗan goce, gyaran minti biyu da filaya.

Irin wannan kifin bogi mai dogon jiki da ɗan leɓe a ƙarƙashin haɓa, tun asalinsa don tafiyarsa aka yi shi. Lauri Rapala, wani masunci talaka a ƙasar Finlan, ya lura cewa in ƙananan kifaye suna tafiya a garke, babban kifi yakan zaɓi wanda ya ji ciwo yana tangaɗi, shi yake kai wa cafka. A 1936 ya sassaƙa nasa da wuƙar dukanci, daga ɓawon itacen da ake toshiyar kwalba da shi, ya naɗe da takarda mai ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe jikin don kada ruwa ya shiga. Takardar cakulan fa! Ku da ke gardama kan launi goma sha biyu, wannan bawan Allah tangaɗin yake nema, shi ya yi ta gwadawa a tafkin Päijänne har ya samu. Har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana tallar cewa kowane ɗaya sai an ja shi a kwamin ruwa an daidaita shi da hannu kafin ya fita. Masu abin ba su yarda da shi ba sai sun ga tafiyarsa, kai kuma ka ɓare kwali ka jefa kawai.

Gyaran ba wani sirri ba ne. Saki zare kamar mita biyu zuwa uku, ja shi a gabanka inda idonka ke ganinsa. Lafiyayye zai taho a miƙe, bayansa a sama, yana kaɗa jiki dama da hagu daidai wa daida. In yana zamewa hagu, kama zoben hancin da filaya mai siririn baki ka tura shi dama, in dama yake zuwa ka tura hagu. Turawar kuwa kamar kaurin gashi. In har idonka ya ga ƙarfen ya motsa, to ka zarce. Sake ja, sake dubawa, sannan ka ƙara sauri, don wani yana tafiya daidai a hankali amma da ka hanzarta sai ya kife. Kada ka murɗa zoben, kada ka taɓa leɓen. Wanda ya fito daidai daga kwali ma yana gocewa, in ya bugi dutse, ko giwan ruwa ta jijjige shi, ko kai da kanka ka fizge shi daga bakin kifi da ƙarfi.

Sai ƙulli. Ka ɗauko zare mai kauri ka shaƙe hancin tam, sannan ka ce ba ya rawa. Da me zai yi rawar? Yi masa ƙulli mai kunne wanda zai bar hancin ya sake, ko ka sa ƙaramin maƙali mara nauyi. Masu rataya masa ƙaton ƙarfe a gaba su ma su ji, nauyin nan yana dulmiyar da kan, tafiyar ta mutu. Inda kifin ke da haƙora dole a sa waya, na yarda, amma a sa siririya, a kuma sake gwada tafiyar bayan an sa.

Na san abin da za ku ce. Launi ma yana da tasiri. E, yana da shi, a ruwa garai mai kama da ainihin kifi ya fi, a ruwa mai laka mai haske ya fi, shi ke nan karatun launi ya ƙare. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi tun kafin ido ya gane masa launi. Wani zai ce nasa mai tsada ne, ba ya buƙatar gyara. Dutse bai san tsada ba. Wani kuma zai ce ai da karkatacce ya taɓa kamu. Allah ya ba ka rabo ranar, ka gode masa. Akwai gwanaye da ke karkatar da shi da gangan don ya kutsa ƙarƙashin reshe ko gada, amma su sun san abin da suke yi.

Wajen zaɓe ma hanya ɗaya ce. Dubi girman ƙananan kifayen da ke ruwan, ka ɗauki tsawon da ya yi kusa, santimita 7, 9, 11 ko 13. Gajeren leɓe na saman ruwa ne, dogon leɓe shi ke nutsawa ƙasa, siririn zare kuma yana ƙara masa zurfi. Akwai mai tasowa in ka tsaya, akwai mai nutsewa da za ka ƙirga masa, wani samfurin kusan ƙafa ɗaya a daƙiƙa, akwai kuma mai tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Wannan na ƙarshen shi na fi so, kuma shi aka fi zalunta. An auna nauyinsa daidai da na ruwa, sai mutum ya cire ƙugiyoyinsa ya sa manya, abin ya koma dutse, ya ce kamfani ya cuce shi. In ka canza ƙugiya, saka shi a bokiti ka gani. In yana tasowa da sauri, ɗan ɓallin darma da za ka manna a ƙarƙashin cikinsa ya isa. Lokacin sanyi, da kifi ke kasala, wannan tsayawar ta 'yan daƙiƙu ita ce ke jawo cafka.

Ba don na fi kowa nake wannan faɗan ba. Na yi shekaru da akwati cike da waɗanda na yanke wa hukuncin jabu. Wani dattijo ne ya gan ni ina tsaki a bakin ruwa, ya ce, “Ɗana, kawo in gani.” Na ce, “Baba, wannan ai ya mutu.” Bai tanka ba, ya taɓa hancin sau biyu ya miƙo min. Kunyar da na ji ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Af, kun san yadda kifin Rapala ya shahara a Amurka? Mujallar Life ta yi rubutu a kansa a 1962, aka yi dace fitowar ita ce mai hoton Marilyn Monroe a bango bayan rasuwarta, aka yi ta wawason mujallar, oda ta yi wa masu sassaƙa yawa. Kuma wanda ya ari filayata mai jan hannu tun wata biyu, na san kana karantawa, kada ka sa in kira suna.